Tsakanin Zaure da Ƙarƙashin Gada

Daren farko da na kwana a Kano, cikin hunturun 1984, a zauren wani dattijo na yi shi a Fagge. Ban san shi ba, shi ma bai taɓa ganina ba. Guzurina kawai sunan wani kawuna da suka yi fataucin goro tare tun kafin a haife ni. Na yi sallama bayan isha'i, na faɗi garinmu da gidan da na fito. Ya ɗaga fitilar ƙwai ya haska fuskata, bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba, sai ya ce, "Ɗan nan, ka ci abinci kuwa?" Aka miƙo kwanon tuwo daga cikin gida, aka nuna mini gefen tabarma. Mu bakwai ne a zauren: 'yan cirani biyu daga Damagaram masu ga-ruwa, wani gardi, wani mai gyaran takalmi, sauran 'yan dako. Kowa jakarsa ce matashinsa. Wata huɗu na yi a nan, ba wanda ya karɓi ko sisina, illa dai in gari ya waye mu share ƙofar gida, mu cika randunan alwala.

Da na fara samun abin kaina a wani shagon atamfa, sai na kama ɗaki a Birget, a gidan wata bazawara da mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna takwas da rijiya. Ɗakin ba abin a zo a gani ba ne. Rufin kwano ne ba silin, da rana kamar tanda, banɗaki ɗaya mu duka, ga layi da asuba. Amma yana da ƙofa, ƙofar tana da kwaɗo, makullin kuma yana aljihuna. Kuɗin hayar wata bai wuce abin da nake samu a kwana uku ba. Hajiya tana da wani tsohon littafin makaranta da jikanta ke rubuta mata sunayenmu, duk wanda ya biya a ja masa layi. Watan da shawara ta kwantar da ni na je ba ta haƙuri, ban gama magana ba ta katse ni: "Kai dai sha maganinka. Ɗaki guduwa zai yi?" A wannan ɗakin aka kawo mini amarya, a nan muka yi ɗanmu na fari, kafin mu koma ciki da falo.

Abin da ya tono mini wannan tsohon zance wani saurayi ne mai Adaidaita Sahu. Tun da likita ya ce in riƙa tattaki, nakan fita bayan sallar asuba, kuma kusan kullum sai na tarar da kekensa a rakuɓe ƙarƙashin wata gadar sama, an saki labulen leda. Na ɗauka ajiya ce. Ran nan sai na ga ƙafa ta leƙo. Ya fito yana miƙa, ya ɗauko buta daga ƙarƙashin kujera, ya gaishe ni cikin ladabi har da rusunawa. Da muka saba na tambaye shi ko baƙo ne. Ya yi dariya. "Baba, a garin nan aka yanke mini cibiya. Ina da mata da 'ya'ya biyu." Mai gidan da yake haya ne ya ba su notis zai yi gyara, da aka gama gyaran kuɗin ya ninka. Matar tana gidan iyayenta wata na biyar ke nan, gadonta yana gidan yayarta, kujeru an jingine su a soron wani aboki, shi kuma ga shi a keke. Kullum yana fita aiki, kullum yana kai balas, yana aika cefane. Na ce to me ya hana ka kama wani ɗakin? Ya ƙirga mini da yatsu: kuɗin shekara cur a dunƙule, la'adar dillali kashi 10 cikin 100, kuɗin takardar yarjejeniya, wani wurin har da na ajiya ko za ka ɓata wani abu. "In wata-wata ne, Baba, wallahi zan iya. Tara shi ne ba na iyawa. Kafin ya taru wani ya kwanta ciwo."

Mu Hausawa ba mu cika yarda muna da marasa muhalli ba. In aka ce mutum yana kwana a titi, abin da ke zuwa ranmu mahaukaci ne ko ɗan ƙwaya, ko kuwa hotunan biranen Amurka da muke gani a waya, mu ce Allah ya kyauta, su da ba su san zumunci ba. Namu a ɓoye yake, shi ya sa. Yana cikin shagon tela da ake shimfiɗa kwali tsakanin kekuna in an rufe ƙofa. Yana kan teburan kasuwa da rumfunan tasha, da barandar masallatai, da kangwayen da ake cewa mutum "yana gadi" alhali ba mai biyansa. Yana cikin ɗakin tsohuwar da 'yarta ta dawo da 'ya'ya huɗu ba saki ba yaji. Duk mai unguwar da ka zauna da shi zai gaya maka auren da haya ta kashe: an raba kwana don dole, wata ya zama shekara, surukai suka gaji, magana ta yi tsami. Ba mai ƙirga waɗannan a cikin marasa gida, tunda ba a kan kwalta suke kwance ba.

Kada in yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. Zaure ba aljanna ba ne. Akwai kuɗin cizo, akwai sata, kuma mace ba ta da rabo a cikinsa. Saukar baƙi ma ba duka ne don Allah ba. Tsarin fatoma da mai masauki kasuwanci ne tsantsa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda masu gidaje ke saukar da fataken shanu da na goro, su ciyar da su, su adana musu kuɗi, su tsaya musu a ciniki, ribarsu ta fito daga la'ada. Haka zango yake daga Kumasi har Ndjamena. Sai dai ko don lada ko don la'ada, sakamakon ɗaya ne: baƙon da ya sauka da jaka ɗaya yana da inda zai sa haƙarƙarinsa yau, yana da ɗakin da ƙarfinsa zai kai gobe. Matakala ce mai hawa-hawa, daga tabarmar zaure zuwa ɗaki ɗaya, zuwa ciki da falo, zuwa ɗan fulotin awon igiya a bayan gari. Matakan ƙasan ne suka karye, aka bar na sama suna reto.

Zauren tsoro ne ya fara rufe shi. Tun rikicin Maitatsine na Disambar 1980 mutane suka soma ɗari-ɗari da baƙon da ba a san asalinsa ba, amma a lokacin da na zo sunan kawu yana buɗe ƙofa. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012, da na babban masallacin Juma'a a Nuwambar 2014, sai aka shiga kulle masallatai bayan isha'i, masu unguwanni suka riƙa gargaɗin kada a sauki wanda ba a sani ba. Ba na ganin laifin kowa a nan. Abin da tsoro ya rage kuma kuɗi ya ƙarasa: zauren da ke bakin titi ya zama shago, na lungu ya zama garejin mota, sabon gini kuwa get ne da katanga mai waya, ba a ma zana masa zaure. Gidan gado in an raba, kowa ya ja bulo ya toshe rabonsa.

Ɗakin wata-wata shi ma yana da dalilan mutuwarsa, kuma in za a yi adalci sai an saurari mai gida. Ƙidayar 1963 ba ta ba birnin Kano mutum 300,000 ba. Yau miliyoyi ne, ga waɗanda rikicin Borno da Yobe ya koro, ga na Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka tasa. Masu nema sun yi wa ɗakuna yawa. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024. Wanda ya karɓi hayarsa kaɗan-kaɗan a irin wannan hauhawar farashi, kafin shekara ta zagayo kuɗin ya zama ruwa, ko yaɓen bango ba zai yi masa ba. Ga kuma ɗan hayan da zai daina biya ya ce sai kotu ta fitar da shi, a yi ta ɗage zama. Hajiyarmu ta Birget ta san garin kowannenmu da wanda ya kawo shi, bashinta ba ya ɓata. Mai gidan yau yana Abuja ko Jidda, dillali kawai ya sani, dillali kuwa sabon ɗan haya ne abincinsa, tunda kowane sauyi da la'adarsa. Kuɗin shekara shi ne ya maye gurbin sanayya. Mafi ƙarancin albashi an mai da shi naira 70,000 a Yulin 2024, amma mai ga-ruwa da mai keke da mai wankin hula ba su da albashi ko kaɗan. Kullum suke samu, kullum suke ci, an kuma ce su biya na kwana 365 a zama ɗaya.

Gwamnatoci ba su zauna haka nan ba, sai dai kusan dukkansu hanya ɗaya suka bi: a gina a sayar. Shehu Shagari ya zo a 1979 da alkawarin gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, abin da aka kammala bai kusanci haka ba, amma har gobe akwai unguwannin da ake kira Shagari Kwatas ko Lokos a garuruwan Arewa. Lateef Jakande ya yi rawar gani a Legas tsakanin 1979 da 1983, rukunan gidajensa na Amuwo-Odofin da Isolo da Abesan suna nan da mutane a ciki. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci don ya samu rancen mallakar gida. A Abuja, bayan tsarin mai da alawus kuɗi na 2003, gwamnatin tarayya ta sayar da gidajen da ma'aikatanta ke ciki, ƙananan ma'aikatan da suka zo daga baya suka watsu Mararaba da Masaka da Suleja. A nan Kano an gina biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015, gidaje masu kyau, aka sa su a kasuwa, da yawansu suka daɗe ba kowa a ciki. Duk waɗannan wa aka yi wa? Mai takardar albashi, ko mai dunƙulallen kuɗi. Gidan da aka sayar kuwa sau ɗaya yake taimako. Wanda ya samu ya samu, in ya ga dama gobe ya zuba 'yan haya a farashin kasuwa. Mai keken nan nawa bai taɓa shiga lissafin ba. Wani lokacin ma rusau ne rabonsa, kamar yadda aka yi wa Maroko a Legas a Yulin 1990, inda aka tashi mutum wajen 300,000 cikin 'yan kwanaki.

An gwada doka. Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Dokar Ghana ta 1963 wata shida ta ƙayyade, amma tambayi duk Bahaushen Nima ko Kumasi, zai ce maka shekara biyu ake nema, kuma ana biya, domin in ka tsaya karanta wa mai gida doka wani na bayanka ya miƙa kuɗi. Inda ɗaki ya yi ƙaranci, takarda ba ta da ƙarfi. Ghana ta gane haka, a farkon 2023 ta fito da shirin da gwamnati ke biya wa mutum kuɗin a dunƙule shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. Dabara ce mai kyau, ko da yake ba ta ƙara ɗaki ko ɗaya a gari ba.

Ƙasar da ta fi ba ni mamaki a wannan fanni ita ce Finland, can ƙuryar arewacin Turai, inda sanyi ke kashe wanda ya kwana a waje. Mutanenta ba su wuce miliyan 5 da rabi ba sosai, ba su kai na jihar Kano ba. A 1987 suna da marasa gida kusan 18,000. Da can tsarinsu irin na kowa ne: a tara mutane a gidajen kwana na taimako, a ce wa mashayi ya daina sha, mai taɓin hankali ya warke, mara aiki ya samu aiki, sannan a duba ko ya cancanci gida. Mutane suka yi ta zagaye a wannan da'ira shekara da shekaru. A 2007 ministan gidaje Jan Vapaavuori, wanda ɗan jam'iyyar 'yan mazan jiya ne ba ɗan gurguzu ba, ya naɗa kwamitin mutum huɗu, ciki har da babban limamin cocin Helsinki da wani likita. Rahotonsu suka sa masa suna "Suna a Jikin Ƙofa". Daga 2008 aka juya tsarin: a fara ba mutum gida tukuna, ba sharaɗi, sauran matsalolinsa a bi su yana da wurin kwana. Sam Tsemberis ya riga ya fara irin wannan aiki a birnin New York a 1992, amma Finland ce ta mai da shi manufar ƙasa baki ɗaya.

Abin lura, ba kyautar gida suke yi ba, ba kuma sayarwa ba. Haya ce. Mutum yana sa hannu a yarjejeniya da sunansa, yana biya duk wata daga abin da yake samu ko daga tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, in ya ƙi biya ana iya tashinsa kamar kowa. Wani tsohon gidan kwana a titin Alppikatu na Helsinki, mai gadaje 250, an mai da shi gidaje 81 a 2012, kowanne da ƙofarsa da madafarsa, ga ma'aikatan jin daɗin jama'a a ƙasan benen dare da rana. Wata gidauniya mai suna Y, da aka kafa a 1985, ta fara da sayen gidaje ɗaya-ɗaya a cikin unguwannin talakawa da masu hali, daga baya ta mallaki sama da 18,000, tana ba da su haya da rahusa. Birnin Helsinki kansa shi ke da mafi yawan filayen cikinsa, yana kuma da kamfanin gidajen haya mai gidaje wajen 50,000. Kimanin huɗu cikin biyar na waɗanda aka ba makulli sun riƙe gidajensu. Zuwa 2023 adadin marasa gida ya sauko ƙasa da 3,500. A 2024, shekarar da gwamnati ta rage tallafin haya, sai ya sake hawa zuwa wajen 3,800, karo na farko cikin fiye da shekara goma. Wannan hawan ma ya koya mini abu, kusan fiye da saukar.

Na san abin da mai karatu zai ce: ina mu ina Finland? Gaskiya ne, aljihunmu ba ɗaya ba, yawanmu ba ɗaya ba, kuma mafi yawan masu kwana a wajenmu lafiyarsu ƙalau, ba sa buƙatar likita ko mai ba da shawara. Ai wannan sauƙi ne a gare mu. Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kaso mai tsoka na kuɗin da gidauniyar nan ta sayi gidaje da shi daga ribar injinan caca na ƙasar ya fito. Su da kuɗin caca ke nan. Mu kuwa muna da zakka, muna da wakafi, wanda asalinsa ma shi ne a tsayar da dukiya amfaninta ya yi ta gudana. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, Sakkwato da Zamfara suna da irinta. Attajiranmu ba su da rowa wajen gina masallaci. Akwai layin da za ka ƙirga uku ko huɗu, kowanne sahu biyu ba ya cika. Ban ga abin da zai hana mai neman lada ya gina ɗakuna ashirin da famfo da banɗakuna huɗu ya yi wakafinsu ba, a riƙa karɓar haya kaɗan duk wata, kuɗin ya tafi gyara da ƙarin wasu ɗakunan. In kyauta aka ce, 'yan uwan masu rabo ne za su cika su, shekara biyar kuma rufin ya zube ba mai gyarawa. Haya mai sauƙi ita ke sa mutum ya ji wurin nasa ne, ya kuma yi magana da ƙarfin gwiwa in kwano ya fara yoyo.

Gwamnati ma filin da take yankawa manya a sababbin unguwanni, da za ta ware wani yanki kusa da kasuwanni da tashoshi don irin waɗannan ɗakuna, da ta yi abin da gadar sama goma ba su yi ba. Kusa na ce, domin an sha gina gidajen talaka a inda kuɗin motar zuwa aiki ya fi kuɗin hayar. Mai dako a Singa ko Dawanau gara masa teburin kasuwa da ɗakin da sai ya hau mota biyu. Sauran aiki shi ne na amana, wanda ya fi gini wuya: wa zai riƙe littafin, wa zai hana ɗan siyasa raba makullai ga yaransa, wa zai hana wanda ya samu ya sayar da gurbinsa. Hajiya da jikanta da tsohon littafin makaranta sun riƙe ɗakuna takwas shekara da shekaru ba a ji kansu ba. Ɗakuna dubu takwas sai an yi da gaske.

Kwanan baya na bi ta Fagge na nemi zauren nan. Na gane wurin da wata tsohuwar bishiyar darbejiya. Ginin ya zama bene mai shaguna, ana sayar da kayan waya a daidai inda tabarmata take. Gidan Birget kuwa magada sun sayar tun tuni.

Mai kekena ya shiga adashi, dubu biyu kullum, kwasarsa sai bayan Babbar Salla. Ya ce ya ga wani ɗaki a Rimin Kebe, ya roƙi dillalin ya riƙe masa, dillalin ya ce ba a riƙe ɗaki da baki, kuma kada ya yi mamaki in farashin ya motsa kafin lokacin. Jiya da na wuce na tarar yana goge gilashi, ya rataya rigarsa ta wanki a jikin ƙarfen gadar tana bushewa. Ya ce ƙaramar 'yarsa ta fara tafiya, a waya aka nuna masa. Wata mata da kwandon kayan miya ta ɗaga masa hannu daga tsallaken titi, ya ce, "Baba, sai da safe," ya cusa butar ƙarƙashin kujera ya tayar da keken.